Salihu Casa'in-da-Biyar da Jan Fetur

Wata bakwai kacal Salihu ya yi a Jidda, yana wankin motoci a bayan wani gidan mai, kafin a kama shi ba takarda a ɗoro shi a jirgi. Amma in ka ji shi a tashar Birnin Kudu yana zuba labari, sai ka rantse shi ya haƙa wa Larabawa rijiyar mai ta farko. Wasu in sun dawo daga can dabino suke kawowa, wasu zamzam, wasu haƙorin Makka. Shi Salihu lamba biyu ya dawo da su: casa'in da ɗaya, da casa'in da biyar.

"A can famfo biyu ne," in ji shi, kullum da ƙafa ɗaya a kan benci. "Akwai kore, casa'in da ɗaya, na yaku-bayi. Akwai ja, casa'in da biyar, na manya. Lambar nan ita ake ce wa okten. In ka zuba wa mota ja, kafin ka taka totur ta riga ta isa."

Ɗanbala makanike, wanda garejinsa ke jikin tashar, ya taɓa leƙowa daga ƙarƙashin wata mota ya tambaye shi, "Wai shi okten ɗin nan mene ne?"

"Jinin fetur mana! Ka dubi namu na nan, kamar ruwan tsamiyar da aka jiƙa sau uku. Ƙarancin jini ke damunsa. Da zarar ya yi ja, magana ta ƙare."

Tun daga ranar sunansa ya koma Salihu Casa'in-da-Biyar, kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don shi a zatonsa sarauta aka ba shi.

Da abin ya tsaya a baki, da da sauƙi. Matarsa Ummussalma mace ce mai neman na kanta. Tana saƙa faifai da kaba, tana rina kabar da galura, kuma da kuɗin faifan nan ta tara ta sayi injin markaɗe, irin mai shan fetur. Wata safiya ta tafi barkar haihuwa, Salihu ya tsaya ya saurari injin ya yanke hukuncin cewa ba shi da jini. Ya shiga kicin ya ɗebo manja ludayi uku ya tsiyaya a tanki. Injin ya yi minti biyu yana fitar da hayaƙi mai ƙamshin alale, sannan ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru, shirun da bai sake magana ba.

Ummussalma ba ta yi faɗa ba. Ta dawo, ta shinshina tankin, ta naɗe kayanta a zane ta hau mota sai Gwaram, gidan ubanta. Yau sati biyar ke nan.

Uban nata, Malam Yahuza, tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanyar Kano zuwa Fatakwal, kuma mutum ne da maganarsa ba ta wuce ɗaya. Saƙon da ya aiko gajere ne. Salihu ya zo biko ranar Juma'a tare da manyansa, ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ya daina likitancin inji har abada. In aka sallame La'asar bai iso ba, to kada ya wahalar da kansa, su haɗu ranar Litinin a gaban alƙali.

Salihu na son matarsa, wannan ba ƙarya ba ne. Sati biyar yana cin garau-garau a tasha ya ƙara tabbatar masa da haka. Ya je ya durƙusa wa Kawu Ishiyaku, yayan mahaifiyarsa, ya roƙe shi ya yi masa jagora. Aka aika Wurno aka kira Gwaggo Turai, ƙanwar mahaifinsa, don biko ba ya kyau ba mace. Kawu na da tsohuwar Golf da yake kira Mai-Haƙuri, shekara goma sha huɗu ba ta taɓa kwana a hanya ba. Idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi, don haka ranar Juma'a da hantsi ya miƙa wa Salihu mukulli.

"Je ka zuba mata mai. Mai kawai, Salihu."

"Kawu, ai ni na tuba."

A gidan mai ya zuge gilashi ya ce wa mai zuba man, "Casa'in da biyar."

Mutumin ya dube shi. "Na naira casa'in da biyar? Ai ko murfin kwalba ba zai cika ba."

"Okten nake nufi. Ina jan famfonku?"

"Malam, famfo ɗaya gare mu, shi kowa ke sha, daga mai babur har ciyaman. A zuba ko a bari?"

Salihu ya girgiza kai irin na wanda ya ga duniya. Ya sa aka zuba rabin tanki, sannan ya fito da jarka daga but ya ce a cika masa ita daban.

A hanyar gida tunani ya yi masa sallama. Surukinsa direba ne, kunnensa ya san inji. In Mai-Haƙuri ta shiga Gwaram tana gurnani kamar sabuwa, Malam Yahuza da kansa zai tashi tsaye ya tambayi sirrin. A nan ne Salihu zai yi bayani cikin ladabi cewa tun farko iliminsa daidai ne, manja ne kawai ya cika kauri. Kafin a tashi, sai an ba shi matarsa an kuma ba shi haƙuri.

Ya biya ta garejin Ɗanbala da ƙullin kafur a hannu, irin farin ƙwallon nan da ake sa wa kaya a akwati don asu.

"Na ji direbobi na cewa wannan na ƙara wa fetur ƙarfi."

"Direbobi na cewa abubuwa da yawa," in ji Ɗanbala yana goge hannu. "Motar Alhaji Ishiyaku ce wannan? Salihu, ka ji tsoron Allah. Abin da aka rubuta a murfin tanki shi mota ke so, ba ƙari ba ragi. Matarka za ka ɗauko, ba tsere za ka ba."

"Kai dai ba ka taɓa wuce Wudil ba."

"Ban wuce ba, amma tawa matar na ɗakinta."

Salihu ya ja mota ya bar shi. A gida ya daka kafur a turmin da Ummussalma ke daka yaji, ya juye a jarka. Saura launi. A bayan ƙyaure ya samu gwangwanin jar galurar da ta bari. Ya zuba cokali biyu a fetur, garin ya nutse ƙasa ya kwanta abinsa. Sai ya tuna yadda matarsa ke yi: da ruwan zafi take dama ta. Ya ɗora ruwa cikin buta, ya dama galurar da hannunsa har ta yi jawur, ya ɗura a jarka. In ya girgiza sai ta yi ja gwanin sha'awa, in ya ajiye sai jan ya koma ƙasa. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan, ya ce ai abu mai daraja dama nauyi gare shi.

Abin da ya dame shi hannunsa ne. Ya wanke da sabulu, ya dirje da toka, ya goge da yashi, hannu dai kamar na amaryar da ta kwana a lalle. Ya garzaya kasuwa ya sayo baƙar safar hannu ta ulu, irin ta masu babur lokacin sanyi, a tsakiyar zafin kaka.

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a suka kama hanya. Kawu a gaba da carbi, Gwaggo Turai a baya da ƙwaryar goro da turmin atamfa na ban-haƙuri, Salihu a sitiyari cikin farar shadda.

Gwaggo ta ƙura wa hannunsa ido. "Kai ɗan nan, zuma za ka ɗebo ne?"

"Haka direbobin Jidda ke yi, Gwaggo."

"To su ma haka suke zufa?"

Mota dai na tafiya lafiya lau da man da kowa ke sha. Gonakin riɗi da dawa na wucewa dama da hagu, inji na kiɗansa a hankali, har Kawu ya fara gyangyaɗi. Da Salihu ya bar ta haka, da ƙarfe uku ta yi musu a zauren Malam Yahuza suna shan fura. Gwaggo ma ta faɗa da bakinta cewa rabon da ta ji daɗin mota haka har ta manta.

Saura 'yan kilomitoci su shiga gari sai wata motar haya ƙirar Sharon ta taso daga baya, maƙil da fasinja, da buhuna a sama, da akuya biyu a but. Direban ɗan tashar Birnin Kudu ne, ya san Salihu sarai. Da ya zo daidai su ya rage gudu, ya leƙo da kai.

"Casa'in-da-Biyar! Yau talatin da biyar aka samu?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya, Sharon ta wuce ta bar musu hayaƙi. Salihu ya ji abin har cikin ƙashinsa. Bai yi nisa ba ya gangara gefen titi ya tsaya kusa da wata mai dafaffiyar gyaɗa.

"Kawu, ko za ka kama ruwa, kada mu isa ka matsu? Gwaggo, ga gyaɗa can, ai ba a shiga gidan surukai ba tsarabar yara."

Kawu ya ɗauki buta ya nufi bayan wata kuka, Gwaggo ta tafi ciniki. Salihu ya buɗe but, ya girgiza jarka da iya ƙarfinsa, ya kafa mazurari ya juye ta tas.

Suka koma mota, ya tayar, ya taka totur har ƙasa. Mai-Haƙuri ta zabura, don gangara ce a gabansu.

"Kun ji?" in ji Salihu, yana dukan sitiyari. "Kun ji murya?"

"Ni dai warin akwatin kakata nake ji," in ji Gwaggo tana toshe hanci.

Gangara na ƙarewa motar ta yi tari. Ta yi tsalle kamar an tsikari jaki, goron Gwaggo ya watse a ƙasa, hular Kawu ta faɗo kan cinyarsa. Salansar motar ta yi harbi har sau biyu, wasu 'yan mata masu ɗauke da itace suka zubar suka ruga gona. Daga nan ta yi shiru, ta gangara a hankali ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Innalillahi! Me ya same ta?" in ji Kawu.

"Sabo take yi, Kawu. Wato... man ƙasar nan ne, na sha faɗa."

Ya murɗa mukulli har batir ya fara nishi. Suka tura ta gefe. Ya buɗe bonet, ya zare tiyon da ke kai mai inji, ya ce Kawu ya ɗan murɗa. Sai ga wani jan ruwa na tsartuwa, yana gangarowa ƙarƙashin mota yana malala a kwalta.

Kafin ka ce kwabo mutanen da ke yankan riɗi a gonakin gefe sun taru. Wata mata ta dafe ƙirji. "Wayyo, motar jini take zubarwa!"

Kawu, da idonsa ba ya rarrabe abu sosai, ya durƙusa ya dangwala da yatsa ya kai kusa da fuska. Ya ɗora hannu a ka. "Shekara goma sha huɗu ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Wa na tsare wa?"

Wani dattijo ya ce shi dai a iya saninsa wurin nan ba ya rasa mutanen ɓoye, don bara ma a nan tayar wata tirela ta fashe. Wani ya ce baki ne, a nemo habbatussauda. Kawu ya shiga zagaya Mai-Haƙuri yana tofa mata Falaƙi da Nasi, taya bayan taya. Salihu ya ce su kwantar da hankali, tsatsar tanki ce kawai, ya sha ganin irinta a Jidda, yanzu zai zuƙe ta.

"Tuɓe rigar tukuna," in ji Gwaggo. Wannan ce kaɗai shawarar da ya bi a ranar.

Ya ɗauko siririn tiyo a but, ya zura a tanki har ƙasa, ya kafa baki ya ja. Ba abin da ya zo. Ya cika ƙirji ya sake ja da ƙarfi, sai abin ya zo gaba ɗaya. Ya furzar, ya yi tari, ya yi kaki har da amai, hawaye na zuba. Da ya ɗago, leɓɓansa da haƙoransa da gemunsa duk sun rine jawur, har da ɗigo a kan hanci.

Gwaggo Turai ta kalli bakinsa. Ta kalli safar hannun, ta sake kallon bakin. Ita ma a ƙuruciyarta ta yi rinin kaba. Ta ja shi bayan mota ta rage murya.

"Don ubanka, galura ce wannan."

"Gwaggo, ilimi ne, ba za ki gane..."

"Rufe min jan bakin nan. Da ba don ɗan'uwana da ke kabari ba, da a nan zan bar ka. Kawunka bai gani ba, kada ka kuskura ya ji. Ungo hiraminsa, naɗe fuskarka. In an tambaya, haƙori ke damunka, ni zan yi magana."

Rana ta karkata, inuwar mota ta fara tsawo. Duk motar da suka tsayar cike take. Ga rufin kwanon Gwaram ana hangowa, amma Kawu ya rantse ba zai bar Mai-Haƙuri cikin jini a daji ba, Salihu kuwa bai isa ya je biko ba Kawu ba. Can sai ga wani manomi, Musbahu, ya fito daga gona da amalanken shanu, bijimai biyu farare na ja, an ɗora dammunan riɗi. Gwaggo ta tare shi da goro biyar da magana mai daɗi. Ya ɗaure igiya a gindin amalanke, ya ɗaura a gaban mota.

Haka aka kama hanya. Shanu a gaba suna taku ɗai-ɗai, riɗi a tsakiya, Golf a baya, Salihu a sitiyari da baƙar safar hannu da fuska a naɗe, idanu kawai ake gani.

"Malam Musbahu," ya leƙo ta taga, murya na fita ta cikin hirami, "ba sa ƙara sauri?"

"Harawa suka ci, ranka ya daɗe. Wannan ita ce giyarsu ta ƙarshe."

Ba su yi nisa ba sai ga Sharon ɗin nan ta sauke fasinja ta juyo. Direban ya taka birki, ya fito da kai, ya buɗe baki, amma dariya ta hana shi cewa komai. Hon kawai ya danna ya wuce, kuma kowa ya san labarin zai riga su komawa Birnin Kudu.

A bakin gari Salihu ya roƙi a kwance shanun, ya ce za su tura da hannu don mutunci. Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Gwaggo ta ce wa Musbahu ya kora kawai, mutunci ya jira. Suka ratsa ta gaban masu kayan miya da teburan mahauta, yara na bin su da tafi, masu shago na fitowa ƙofa. Salihu, saboda sabo, har sigina ya kunna da za su sha kwana.

Malam Yahuza na zaune kan tabarma a ƙofar gidansa, jikin masallacin unguwa, da dattawa biyar da ya gayyato shaida. Ya kalli shanu, ya kalli mota, ya kalli abin da ya fito daga cikinta. Fuskarsa ba ta motsa ba.

Aka gaisa. Gwaggo ta yi maza ta ce, "Malam, a yi mana afuwa, mota ce ta ɗan gaji. Shi kuma yaron haƙori ne ya sa shi gaba, ko magana ba ya iyawa."

"Allah ya sawwaƙe. Hannun ma haƙorin ne?"

"Sanyi ne ke shigarsa ta nan."

Malam Yahuza ya tashi ya zagaya motar sau ɗaya, hannu a baya. Daidai murfin tanki ya tsaya, ya ja numfashi ta hanci, ya ɗan jima. Sannan ya dawo.

"Kun cika alkawari, ba a tayar da salla ba. Mu yi La'asar tukuna, magana ta biyo baya." Ya ɗauki buta da hannunsa ya miƙa. "Salihu, bisimilla."

"Baba, ina da alwala," in ji hirami.

"Yo ba ga shi yana magana ba?" in ji wani dattijo.

Kawu, wanda bai san dawan garin ba, ya ce, "Wace alwala, bayan tiyon da ka sha har da amai? Sake ta, ɗana."

Salihu ya tsuguna a bakin kwata da buta a gabansa. Sahun masu alwala duk suka dakata. Ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi sama. Ya zare safar dama, ya zare ta hagu, ya warware hirami.

Jan hannu da jan baki suka bayyana a fili. Sai wani mahauci ya ce, "Wallahi ko ni da na yanka sa biyu yau ban kai haka ba." Dariya ta ɓarke har cikin masallaci, liman da kansa ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Bayan an sallame, Malam Yahuza ya sa aka kira 'yarsa. Ummussalma ta tsaya daga cikin zaure da mayafi, ta leƙo sau ɗaya.

"Baba, galurata ce. Jar da na sayo a Kano, na ɓoye a bayan ƙyaure."

"Galura?" Kawu ya miƙe zumbur. "A cikin Mai-Haƙuri? Ni ina can ina yi mata tofi?" Sai da mutum biyu suka riƙe shi, takalminsa ɗaya ya riga ya tashi sama.

"Baba, a bar ni in yi bayani," in ji Salihu. "A Jidda, jan fetur..."

"Zo nan." Malam Yahuza ya buɗe murfin tanki, ya goge wata tsohuwar takarda da ke manne a ciki da babban yatsa. "Karanta."

"Casa'in... da ɗaya."

"Abin da wanda ya ƙera ta ya ce ta sha ke nan, kuma man gidan mai ya ishe ta, shekara goma sha huɗu shaida ne. Launin da ka gani a can, rini ne suke sawa don kada mai zubawa ya rikice. Lambar kuma ba ƙarfi take aunawa ba. Haƙuri take aunawa, wato yadda fetur zai jure matsi a cikin inji bai kama da wuta ba kafin lokacinsa. Injin da ke matsa mai da yawa shi ke neman babbar lamba. Wanda bai nema ba, ko ka ba shi, asarar kuɗinka kawai ka yi." Ya rufe murfin. "'Yata ta jure shekara shida. Kai an ce da kai talatin da biyar a hanya, ka kama da wuta."

Ashe direban Sharon ya biya ta nan ma.

Dattawa suka sa baki, Gwaggo ta yi kuka na gaske, aka ajiye goro da atamfa. A ƙarshe Malam Yahuza ya ce ba za a je gaban alƙali ba, tunda an iso kafin salla. Salihu zai kai injin markaɗe da Mai-Haƙuri wurin Ɗanbala, ya tsaya daga nesa har a gama. Ummussalma kuwa za ta koma ɗakinta ranar da jan nan ya fita daga jikinsa tas, kuma duk Juma'a zai zo ya nuna.

Salihu ya yi murna a ransa, ya ce kwana uku ya yi yawa. Daga cikin zaure Ummussalma ta ce, a hankali, "Galurata ba ta zuba."

Gaskiya ta faɗa. Gemu dai aski ya raba shi da shi a daren. Baki ya ɗauki kwana goma, tafin hannu sati uku da lemon tsami kwando guda. Juma'a ta huɗu ya zo da fara'a ya shimfiɗa hannuwa, Malam Yahuza ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Saura farce." Farce kuwa ba ya wankuwa, sai dai ya tsiro a yanke. Wata biyar Salihu na hawa motar haya zuwa Gwaram duk Juma'a, yana miƙa yatsu goma kamar ɗan firamare ranar duba tsafta. A tsakanin nan faifan Ummussalma suka yi kasuwar da ba su taɓa yi ba, mata har daga Surko da Yalwan Damai suna aikowa a saƙa musu mai "jan Salihu", tunda kowa ya ga ba ya kodewa. A tasha kuwa Salihu ya fara cewa shi ya tallata mata sana'a da jikinsa.

Ranar da jan ƙarshe ya faɗi a bakin reza, Kawu ya yarda ya ba da Mai-Haƙuri, bisa sharaɗin Ɗanbala ne zai tuƙa. Aka ɗauko Ummussalma da kayanta, Salihu a gaba kusa da direba. Da suka shigo Birnin Kudu suka tsaya a gidan man nan. Mai zuba man ya leƙo, ya gane shi, ya washe baki.

"A'a, Casa'in-da-Biyar! Yau wanne za a zuba, ja ko kore?"

Salihu ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ja numfashi irin na mai shirin dogon bayani. Sai ya ji ƙarar gwangwani daga kujerar baya, ana ɗan girgiza shi.

"Maigida," in ji Ummussalma, "koriyar galurar ma tana nan, ko buɗe ta ban yi ba."

Salihu ya dubi yatsan da ya ɗaga, da sabon farcensa fari tas. Ya mayar da shi cikin aljihu.

"Zuba wanda kowa ke sha," in ji shi.